Hayaƙin Gidajen Bakin Gari

Tun da anka ɗaura wa Taiba aure da Sufyanu birkila, ba ta taɓa zama gidan da ta san za ta tsufa ciki ba. Sana'arshi ce ta gaji haka. Da fari gini yake yi wa mutane a biya shi ladan yini, har ya gane cewa a cikin Talatar Mafara akwai abin da ya fi ɗora bulo riba, wato tsohon gida. Gidan da mai shi ya rasu magada sunka kasa shiryawa, ko wanda masu shi sunka koma Gusau sunka bar wa jemagu. Irinsu yake saye da arha, ya toshe tsaga, ya canza kwano, ya yi filasta da fenti, ya saida.

Sai dai gyaran ba shi ne sirrin ba. Kowa ya san gidan da ya daɗe a rufe ba a rasa mutanen ɓoye sun tare ciki, kuma ko da ruwan zinari ka shafe shi, matar mai saye za ta ce ita ba ta shiga. Don haka Sufyanu bai taɓa saida kango ba. Ranar da ya amshi makulli, ranar zai kwaso Taiba da tukwanenta ya zuba ciki. Ta share, ta yi turaren wuta, ta kafa murhu, ta ɗaura igiyar shanya. Shi yana bisa tsani, ita tana ƙasa tana daka. Kafin a yi watanni unguwa ta manta wurin ya taɓa zama kango, ya koma gidan su Taiba. Sai mai saye ya zo da matarshi, matar ta shiga ciki ta ja Taiba gefe ta yi mata tambayar da duk suke yi: "Lahiya kuke kwana?" Taiba ta ce lahiya lau, kuma gaskiyarta ta faɗa. Sai a yi ciniki, ita kuma ta fara naɗe tabarmi.

A haka ta haifi Amira a wani gida, ta yaye ta a wani. Ita kenan gare su. Taiba ba ta ƙorafi. Ta dai daina shuka komai a tsakar gida, ko zogale.

Abin ya sauya ne lokacin da mutanen ƙauye sunka fara tuɗaɗowa cikin gari. Daga Faru, daga ƙauyukan Maradun, kowa da ƙunshinshi a ka. Tsofaffin gidaje sunka ƙare, wanda ya rage ya yi tsadar da ba a taɓawa. Nan ne Nagode dillali, abokin cinikin Sufyanu na tuntuni, ya zo mishi da maganar wata gona a bakin gari, ta wajen hanyar Bakura. Ya ce har yaushe mutum zai yi ta lallaɓa ruɓaɓɓen ginin wani? Ka sayi ƙasa, ka yanka fegi, ka gina naka sabo fil.

Sufyanu ya saida gidan da suke ciki, ya saida babur ɗinshi na biyu, ya haɗa duk abin da ya tara ya zuba a gonar. Ya jera gidaje shida iri ɗaya, kowane da zaurenshi da ɗaki uku, ga burtsatse mai sola a tsakiya. Ya aje cokalin gini, ya koma sa kaftani yana nuna wa wasu birkiloli da yatsa. Leburori sunka fara ce mishi Injiniya, tun yana hanawa har ya bari.

Gidaje sunka yi kyau. Ba wanda ya saya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bayan katangar gida na ƙarshe gonar dawa ce, bayan dawar kuma burtali ne da ya miƙe har daji. Kowa ya san su wa ke bin burtali bisa babura a wannan zamani. Ba su taɓa zuwa wurin ba, amma ba wanda ke son ya zama na fari. Mutane su zo, su yaba fenti, su ƙwanƙwasa ƙofa su ji ƙarfe ne, su tsaya suna kallon dawar nan, su ce za su yi shawara.

Sufyanu magani ɗaya ya sani na gidan da ake tsoro, kuma bai taɓa ba shi kunya ba. Ya kwaso Taiba da tukwanenta ya zuba a gida na fari, wanda ya fi kusa da titi.

Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce a bar Amira cikin gari wurin Yaya Surayya, yayar Sufyanu, tunda ta fara Islamiyya kuma nan ba makaranta kusa. Bai dube ta ba ya ce to. Su duka biyu sun san ba Islamiyya ake magana ba.

Aikin Taiba ya ninka. Da, gida ɗaya take rayawa, yanzu shida. Da safe ta hura wuta a nata, ta ɗebi garwashi a kasko ta bi sauran gidajen tana zubawa a murhun da ta kafa a kowane, ta ɗora ɗanyen kara don ya yi hayaƙi sosai a hango daga titi. Ta jiƙa zannuwa masu tsabta ta shanya can, ta jiƙa kayan Amira da sunka yi mata kaɗan ta shanya nan. Wata rana ta mirgina turmi zuwa gida na huɗu ta yi daka a can, don a ji sautin ya fito daga wani wuri. In rana ta yi sanyi ta bi ta kwashe. Ba ta jin tsoro yadda ta zata za ta ji. Ba ta jin komai ma. Takan tsinci kanta tsaye a tsakar gidan da ba na kowa ba, riƙe da kasko, ta manta abin da ya kawo ta.

Damina ta yi nisa, dawa ta wuce tsawon mutum.

Wata ranar Talata, bayan an tashi kasuwa, Nagode ya zo. Sunka zauna a zaure shi da Sufyanu, Taiba ta miƙo fura ta bayan labule ta koma ta zauna kusa da ƙofa tana tsintar shinkafa. Nagode irin mutanen nan ne da ko gaisuwa suke yi sai maƙwabta sun ji.

"Injiniya, ina gajiya? Ina fama da jama'a?"

"Wace jama'a? Ka gan su nan sun cika layi."

Nagode ya yi dariya har ya ƙware. "Ai ko daga gidan mai na hango hayaƙinku, na ce yau ko suna anka yi. Gaishe da uwargida, wallahi ita ɗaya ta yi unguwa guda."

"Bar zancen banza, mi kaz zo da shi?"

"Abin da anka ce na zo da shi. Jiya a majalisar bakin tasha anka tada maganarka. Wani ya ce ai mai wurin ma shina ciki da iyalinai. Sai Sanusi mai taya ya ce wane iyali? Kullum kayan yarinya na bisa igiya, wa ya taɓa ganin mai kayan?"

Sufyanu ya ture kwanon fura gefe.

"Ka san mutanenmu," in ji Nagode, ya rage murya amma ba sosai ba. "Babba shina iya kwana ko'ina don neman kuɗi. Ɗiya ce shaida. In sunka ga ɗiyarka tana wasan ƙasa a ƙofar gida, magana ta ƙare. In ba su gani ba, cewa za su yi tuwon da mai shi bai ba ɗanai ba, mu za ya ba?"

"Makaranta take zuwa."

"To a kai ta bisa babur mana. Ko Injiniya bai da na mai?"

Taiba ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ta lura ta daɗe tana zubar da masu kyau tana barin tsakuwa, sai ta sake farowa.

Da Nagode ya tafi Sufyanu ya shigo ya tsaya tsakar gida. Ya rame. Kaftanin ya yi mishi yawa a kafaɗa, ga hannunshi da ya saba da siminti ya yi laushi yana saɓa. Ba mugun mutum ba ne, Taiba ta san wannan. Shi ke goya Amira a wuya yana zagaya gida da ita yana kukan raƙumi.

"Kin ji dai," ya ce.

"Na ji."

"Ba abin da ya rage muna, Taiba. In damina ta wuce ba a sayi ko ɗaya ba, sai dai in koma lebura, kuma ba mu da gidan komawa." Ya share fuska da tafin hannu. "Ba a taɓa zuwa nan ba. Ga 'yan sa-kai na zagayawa. Gidan Alhaji na bakin marina ma da anka ce ana jin kuka ciki, ba da ita munka zauna ba tana jaririya? Mi ya same ta?"

Ta so ta ce mutanen ɓoyen gidan Alhaji ba su da babura. Maganar ta zo har bakinta ta koma.

"Ran Juma'a in an sauko masallaci zan biya in ɗauko ta. Ki je ki haɗa mata kayanta."

"To, Baban Amira."

Washegari ta hau ɗan acaba zuwa cikin gari. Ta iske Yaya Surayya tana suyar awara a ƙofar ɗaki, Amira na gefe da sauran yaran gidan suna faɗa a kan ƙanzo. Yarinyar ta rugo ta rungume ƙafafunta, ta nuna mata haƙorin da ke girgiɗi, ta koma wurin faɗanta.

Da Taiba ta faɗi abin da ya kawo ta, Yaya Surayya ta aje matsami ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma kika ce mi?"

"Na ce to."

"Kin ce to. Ke dai ko rijiya anka ce ki faɗa, tambaya za ki yi da wace ƙafa za ki fara." Ta juya awara da ƙarfi har mai ya fantsama. "Shi wannan ƙanen nawa tun shina yaro haka yake, in ya ga dabara ta yi mishi sau ɗaya, ko ciwon ido gare ka ita za ya ba ka. Injiniyan ƙaniya."

"Yaya, ko za ki yi mishi magana?"

"Na yi, tun kan a sa bulon fari na yi. Ɗiyarshi ce, Taiba. In na hana, gobe a ce na raba uba da ɗiya." Ta tsamo awara biyu ta tura mata a murfin kwano. "Ci. Kin koma kamar karan dawa."

Taiba ta ci. Ta shiga ɗaki ta ninke kayan Amira a jakar leda, ta sa allonta a sama, ta aje jakar bayan ƙofa yadda Sufyanu zai gani in ya zo. Ta yi komai a tsanake kamar kayan ɗiyar wani take haɗawa.

Ran Alhamis da hantsi tana gida na uku tana gyara wuta ta ji muryar Nagode yana rafka sallama. Ta leƙa. Yana tare da wani dogon mutum mai rawani da ya koɗe, da wata tsohuwa ƙarama mai tafiya da sauri. Sufyanu ya fito yana gyara hula. Nagode ya ce wannan Malam Shehu ne, mutumin Faru, ya saida 'yan shanun da sunka rage mishi yana neman inda zai sa iyali. Wannan kuma mahaifiyarshi ce, Inna Hussaina, ita ce mai yanke magana.

Maza sunka tsaya wajen burtsatse. Tsohuwar ta nufo Taiba kai tsaye. Sunka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida da gajiya da ruwa da maigida, Taiba na durƙushe tana amsawa.

"Tashi ki nuna mini na ƙarshen," in ji Inna Hussaina. "An ce shi ya fi sauƙi."

Sunka bi layin har ƙarshe. Tsohuwar ba ta dubi fenti ba, ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Ta leƙa ɗakunan tana motsa baki, da alama lissafin masu kwanciya take yi. Ta fita bayan gida, ta jawo wani bulo da anka bari, ta taka ta leƙa ta bisa katanga. Ta daɗe tana kallon dawar. Iska na kaɗa ta, ba a ganin komai bayanta.

Taiba na tsaye tana jiran tambayar. Ta san ta, ta amsa ta a gidaje da yawa, amsar ma na nan a shirye a bakinta. Amma tsohuwar ta sauko ta karkaɗe hannu, ta tambayi ko ruwan burtsatsen na da gishiri.

"Ba shi da shi, Inna."

"Madalla."

Ta juya za ta fita. Taiba ta ji muryarta ta fito ba tare da ta shirya ba, ƙasa-ƙasa.

"Inna, ɗiyata ba nan take kwana ba. Tana cikin gari. Sauran gidajen ma ba kowa, ni ke hura wutar."

Tsohuwar ta tsaya a bakin zaure. Ba ta yi mamaki ba.

"Na gani, ɗiyar nan. Gidan da ke da yaro bai yin tsabta haka." Ta gyara mayafinta. "An taɓa zuwa nan?"

"Ba a taɓa ba."

"To mu can an zo." Ta faɗe shi kamar mai faɗin farashin gero. "Yanzu ajin makaranta muke kwana, mu da wasu gida uku, an raba da buhu. Hutu ya ƙare, an ce mu tashi. Ɗiyan Shehu na nan, ga na ƙanenai da ya rasu ya bari. In kin san wani wuri mai ƙofa da kuɗinmu za su kai, faɗa mini in tahi can."

Taiba ba ta san wani wuri ba.

"To kin gani," in ji tsohuwar. Ta dafa kafaɗarta ta wuce, tana ƙwala wa ɗanta kira.

Kafin azahar an gama magana. Taiba ta jiyo Nagode yana cewa Allah Shi sa alheri, Allah Shi sa a shiga a sa'a, sannan ya ja Sufyanu gefe yana dariya yana bugun bayanshi. Cikin mazan ba wanda ya san abin da ta faɗa wa tsohuwar. Da ta faɗa da ba ta faɗa ba duk ɗaya.

Ran Juma'a da sassafe sunka iso a motar ɗaukar kaya, tabarmi da tukwane da akuya ɗaya, yara a bisa kaya kamar tsaba. Kafin a sauke komai sun watsu cikin layin. Wasu sunka hau kan tankin burtsatse, wasu sunka shiga gidajen da ba kowa suna ihu don su ji muryarsu na dawowa. Wata mata, matar Shehu ko ta marigayin, ta yi ta kiran sunaye tana zagi ba wanda ya kula ta. Masu wucewa a titi sunka riƙa rage gudu suna kallo.

Taiba ba ta zagaya da kasko ba ranar. Ba wanda ya ce ta bari, ta dai ga ba amfani.

Sufyanu ya yi wanka ya sa farar shadda ya tafi masallaci. Ta ji tashin babur ɗinshi, ta zauna bakin murhu. Ta dafa abincin mutum uku. Ta share ɗakin da za a sa yarinyar, ta shimfiɗa ƙaramar katifa, ta ɗaura gidan sauro. Da ta gama ta koma ta zauna.

Bayan la'asar ya dawo. Ta ji ya kashe babur, ta ji ya tsaya yana wasa da yaran Shehu a waje, ɗaya na ce mishi Baba Injiniya. Ya shigo shi kaɗai, ba jaka a hannunshi.

"Na biya ta wurin Yaya," ya ce, yana cire takalmi. "Na ga kamar a bar ta ta ƙare zangon nan. Ba daɗi a cire yaro tsakiyar karatu."

"To."

"Nagode ya ce gobe akwai mutum biyu da za su zo dubawa. Ɗaya ma'aikacin lafiya ne, tun daga titi ya ga yara ya tsaya tambaya." Ya zauna a kan turmi. Ta zuba mishi abinci, ya ci kaɗan ya ture. Bai dubi ɗakin da ta gyara ba, ita ma ba ta ce ya duba ba.

Ta jira daɗi ya zo mata. Ta san ya kamata ta ji, ta yi hamdala a baki, amma abin bai sauka ƙirjinta ba.

Can anka yi sallama da ƙaramar murya. Wata yarinya ce tsaye a bakin zaure riƙe da fasasshen kasko, kanta ba kitso, ba za ta wuce sa'ar Amira ba.

"Wai in ji Inna a sam muna wuta."

Taiba ta amshi kaskon ta zuba garwashi, ta rufa da toka kaɗan don kada iska ta ɗauka.

"Riƙe da hannu biyu. Wane ɗaki anka ba ku?"

"Na baya. Mu yara duka can za mu kwana, Inna ta ce ya fi iska." Ta yi murmushi. "Har da taga."

"To tafi a hankali."

Taiba ta bi ta har ƙofa. Ta tsaya tana kallonta tana tafiya a tsakiyar layin, tana taka ƙasa sannu-sannu don kada ta zubar, ta wuce gida na biyu, ta wuce na uku, har ta shige na ƙarshe. Sannan ta koma ciki ta juye sauran abincin a kwano, ta rufe, ta aje na safe.